Yadda Za a Kare Dawaki Daga Aradu a Damina

A yankin Tirmini, kamar sauran Damagaram, hadari mai tsawa ya fi yawa daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da ake kai dawaki talala a daji.

Galibi ba a kan dabba aradu ke sauka ba. Tana faɗawa kan itace ko ƙasa, sai wutar ta bazu cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da yake akwai tazara tsakanin ƙafafun doki na gaba da na baya, wutar kan shiga ta nan ta fita ta can, ta ratsa zuciya. A Agustan 2016 irin wannan ya kashe barewa sama da 300 a Norway, saboda sun taru wuri guda.

Don haka kada a kafa turke ƙarƙashin kuka ko gawo da ke tsaye shi kaɗai, ko kan tudu, ko bakin tabki, ko jikin shingen waya. Rumfar kwano ba mafaka ba ce, sai an kafa mata ƙarfen kama aradu, an ja waya daga gare shi har cikin ƙasa.

In tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin na cikin kilomita 10. Mai doki ya sauka ya shiga ɗaki, ya jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Dokin da aradu ta buga ba ya riƙe wuta a jikinsa. Kada a tsaya jiran yayyafa nono. Da hadari ya wuce, a kira ma'aikacin lafiyar dabbobi.