Shimfiɗar Kwanan Daji: Wace Iri Ta Kamata A Ɗauka?

Duk malamin da ya fita daga koleji, ko ba daɗe ko ba jima sai an danƙa masa yara an ce ya kai su zango. Ko dai 'yan Sikawut ne, ko kuwa 'yan ajin labarin ƙasa da za a kai su ga duwatsu da idonsu. In an zo shirin kaya, hankalin kowa yana kan tanti da bargo da tukunya. Abin da za a shimfiɗa a ƙasa kuwa, sai a ce kowa ya ɗauko tabarmarsa, shi ke nan. To, sau da yawa yaron da ya kwana yana makyarkyata a kan tudun Jos cikin watan Janairu ba bargo ya rasa ba. Ta ƙarƙashinsa sanyin ya shige shi, in kuma gari ya waye da shi yana tari, malam za a tambaya.

Bari mu fara da dalilin abin. Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas. Zafi kuwa ba ya zama wuri guda, kullum yana gudu daga abu mai ɗumi zuwa abu mai sanyi. Iska in tana tsaye cik ba ta iya ɗaukar zafi sosai, shi ya sa bargo ke da amfani. Ba ulun ne ke ɗumama mutum ba, iskar da ta maƙale tsakanin zarurrukansa ita ce ke tare zafin jiki. Amma ƙasa da dutse suna jan zafi ƙwarai, balle ƙasa mai laima, domin ruwa ya fi iska saurin ɗaukar zafi fiye da sau 20. Sa'an nan ga wani abu: in mutum ya kwanta, nauyinsa yana danne bargon da ke ƙarƙashinsa har ya matse iskar cikinsa ta fita. Watau bargon da ke bisa yana aikinsa, na ƙasa kuwa ya zama ƙyalle kawai. Ko jakar barci mai tsada, irin wadda ake cusa wa gashin tsuntsu, haka take yi. Ƙasa kuwa ba ta ƙoshi. Mutum ba zai iya ɗumama dutsen Shere da haƙarƙarinsa ba, ko da zai shekara a kwance.

Wannan abu ne da malami zai iya nuna wa yara a aji ba tare da kashe ko kwabo ba. A sami kwalabe biyu iri ɗaya, a cika su da ruwan ɗumi, a toshe. A kwantar da ɗaya a kan daɓen siminti, ɗaya kuwa a kan buzu ko tsumma mai kauri, a rufe su duka biyu da mayafi guda. Bayan sa'a ɗaya a sa yara su taɓa. Yaron da ya ji bambancin da hannunsa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Mutanen da can sun san wannan ko da ba su auna shi ba. Fatake da makiyaya da almajirai ba su rabuwa da buzu ko agalemi, don gashin fatar yana riƙe iska. Tabarmar kaba kuwa aikinta dabam ne. Tana tare ƙura da tsakuwa, tana da daɗin kwanciya da bazara, amma ba ta da kaurin da za ta tare sanyi. Wanda zai kwana a Yankari cikin watan Afrilu, lokacin da ƙasa ke kwana da ɗumin rana, tabarma ta ishe shi. Wanda zai hau tudu kuwa, sai ya tuna cewa ko wane mita 1,000 da ya hau, zafin iska yakan ragu da kamar digiri 6 da rabi. Jos tana bisa da wajen mita 1,200, tudun Mambila da na Obudu wajen mita 1,600, Chappal Waddi kuwa, dutsen da ya fi ko wanne tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne.

Yanzu dai masu saƙa kayan tafiya suna da ma'aunin da suke gwada shimfiɗa da shi, ana rubuta shi da harafin R da lamba a gabansa. Ma'anarsa ita ce ƙarfin da shimfiɗar ke da shi na hana zafi wucewa. Mai lamba 4 ta ninka mai lamba 2 wajen tare sanyi. Da can ko wane kamfani yakan auna tasa yadda ya ga dama, har mai saye ya rasa wanda zai gaskata. A shekarar 2018 wata ƙungiyar ƙa'idojin awo ta Amurka, ASTM, ta fitar da hanya guda ta gwaji, manyan kamfanoni kuma suka fara bin ta daga 2020. Ana sa shimfiɗar tsakanin faranti biyu, na bisa mai ɗumi kamar jikin mutum, na ƙasa mai sanyi, a auna yawan wutar da aka ƙona kafin a riƙe na bisan da ɗuminsa. Abin da aka saba faɗa shi ne, ƙasa da 2 ta lokacin zafi ce, daga 2 zuwa 4 ta sanyi matsakaici, 5 zuwa sama kuwa ta kwana a kan ƙanƙara. A ƙasarmu, mai lamba 2 zuwa 3 ta wadatar kusan ko'ina. Sai wanda ya nufi Dutsen Kamaru, ko Kilimanjaro mai mita 5,895, shi ne zai nemi abin da ya fi haka. Lambobin kuma ana tara su: in aka ɗora mai 2 a kan wata mai 2, an sami 4.

Shimfiɗun zamani iri uku ne. Ta farko ita ce ta kumfar roba, irin robar da ake yin takalmin silifa da ita. Cikinta cike yake da ƙananan ƙwayoyin iska, ko wace ƙwaya a toshe take, ba ta haɗuwa da 'yar'uwarta. Saboda haka ruwa ba ya shiga, iska ba ta fita. Kaurinta bai wuce santimita 2 ba, nauyinta kamar giram 400, lambarta wajen 2. Kada a rikita ta da katifar soso ta ɗakin kwanan ɗalibai. Soson katifa ramukansa a buɗe suke, yana shan ruwa kamar yadda soson wanka ke sha, in an kwanta kuma ya lotse. Yara da yawa sukan yanko guntun tsohuwar katifa su naɗe su zo da shi zango. In ƙasa a bushe take ba laifi, amma raɓar Obudu ta dare ɗaya ta isa ta mai da shi kaya.

Ta biyu ita ce mai hura kanta. Asalinta daga birnin Siyatil na Amurka ne, inda a shekarar 1972 waɗansu injiniyoyi, cikinsu har da waɗanda kamfanin jiragen sama na Boeing ya sallama daga aiki, suka fito da ita da sunan Therm-a-Rest. Dabarar kuwa mai sauƙi ce. Soso ne mai buɗaɗɗun ramuka aka lulluɓe shi da ƙyallen da iska ba ta ratsawa, aka sa masa bawul. In an buɗe bawul soson ya miƙe ya zuƙo iska da kansa, sai a ƙara hurawa sau biyu ko uku a rufe. Tana da daɗi, tana tare sanyi, ko ta huje akwai sauran soso a ƙarƙashin mutum. Aibinta nauyi ne.

Ta uku ta iska ce zalla. Kaurinta yakan kai santimita 6 zuwa 10, in an naɗe ta ba ta fi kwalbar lita ɗaya girma ba, akwai kuma mai lamba 4 da ɗoriya wadda nauyinta bai kai giram 400 ba. Amma a nan akwai tarko. Kauri ba shi ne ɗumi ba. Babbar katifar iska ta kasuwa, wadda ba kome cikinta sai iska, lambarta wajen 1 ce kawai, don iskar cikin tana kewayawa, wadda jiki ya ɗumama ta gauraya da wadda ƙasa ta sanyaya, haka dai har gari ya waye. Masu kyau an rarraba cikinsu ɗaki ɗaki, an sa musu zare mai laushi ko wata 'yar takarda mai ƙyalli da ke mayar wa mutum zafinsa. Wannan ne ya sa suke da tsada.

To, wacce malami zai zaɓa wa yaransa? Ni dai a ganina ta kumfar roba ce, dalili kuwa ƙaya. Dajinmu ba irin na Turai ba ne mai ciyawa mai laushi. Akwai tsidau, akwai ƙarangiya, akwai ƙayar aduwa da ta bagaruwa da ta farar ƙaya, waɗansu a binne cikin rairayi inda ido ba ya gani. Ƙaya guda ta isa ta sauke mai shimfiɗar iska a ƙasa tsakar dare, lambarsa 4 ta koma ba kome. Ta kumfa kuwa ko ƙaya goma ta shige ta, sai a zare a kwanta. Ba ta da bawul da zai lalace, yaro ba zai fasa ta da tsalle ba, ana zama a kanta a ci abinci, ana yanka ɗaya a raba wa ƙananan yara biyu. In wani ya karye a hanya, ana naɗe ta a ɗaure ƙafar da ita kafin a kai shi asibiti. Gaskiya ne ba ta da taushi, kuma ba ta shiga jaka, sai a ɗaure ta a waje. Amma yaro mai shekara 13 da ya yini yana hawan dutse ba taushi ke hana shi barci ba.

Babban mutum mai ciwon baya, ko mai kwana ta gefe wanda ƙugunsa da kafaɗarsa ke dukan ƙasa, shi kam yana da hujjar neman ta iska. In ya saya, ya share wurin kwanciyarsa da tafin hannu, ba da ƙafa ba, ya shimfiɗa leda mai kauri tukuna. Ya riƙe faci da sholisho a jakarsa. Neman huji daidai yake da yadda mai facin keke ke yi: a hura ta, a shafa ruwan sabulu, a duba inda kumfa ke tashi. Kada ya hura ta ta yi tauri kamar ganga. In ya kwanta ta gefe ƙugunsa ya kusa taɓa ƙasa amma bai taɓa ba, daidai ke nan. In ya ga ta ɗan saki cikin dare, ba lalle huji ba ne, domin iska takan tsuke in ta yi sanyi. Da rana kuwa akasin haka ne, kuma shi ya fi haɗari a ƙasarmu. Tantin da aka rufe a rana yakan yi zafi ƙwarai, iskar cikin shimfiɗar ta kumbura har ɗinkin cikinta ya ɓalle. Saboda haka a buɗe bawul kafin a fita da safe.

Batun girma ba shi da wuya. Wadda aka saba sayarwa tsawonta santimita 183 ne, faɗinta 51. Mai faɗin kafaɗa ya nemi mai 64. Akwai gajera mai kamar santimita 120, daga kai zuwa gwiwa, wadda masu tafiyar ƙasa ke so don rage nauyi, su sa jakarsu a ƙarƙashin ƙafafu. Wanda mota za ta kai shi har bakin zango bai kamata ya damu da nauyi ba. Wanda zai goya kayansa kwana uku cikin Gashaka-Gumti kuwa, ko wane giram sai ya ji shi a wuyansa.

Makarantar da ba ta da kuɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba za ta fasa tafiya ba. A sa leda a ƙasa don laima, a ɗora busasshiyar ciyawa mai kaurin tafin hannu ko kwali ninki biyu, sa'an nan tabarma a bisa. In yaro yana da bargo biyu, ɗaya ya ninka shi ya sa a ƙasa, kada ya rufa da su duka. Ciyawar dai a kaɗe ta da sanda tun da sauran rana, a duba ta da kyau, don kunama ma ɗumi take nema. In an dawo gida, mai hura kanta a ajiye ta a miƙe a ƙarƙashin gado da bawul a buɗe, domin in ta daɗe a naɗe soson yakan mutu, ya daina tashi.