Gidan Hochar: Gonar Inabin da Yaƙi Bai Ci Ba

A garin Ghazir, arewa da Bairut, akwai masana'antar giyar inabi mai suna Château Musar, wadda Gaston Hochar ya kafa a 1930, lokacin Labanon na hannun Faransa. Jikokinsa ne ke riƙe da ita yau. Mai karatu na iya cewa ina ruwanmu da labarin giya, abin da addinin mafi yawanmu ya haramta? Ba tallarta muke yi ba. Mutanen gidan Kiristoci ne, sana'arsu ce a ƙasarsu. Abin dubawa a nan shi ne yadda dukiyar gida ɗaya ta haura shekara 90 ba ta watse ba, alhali sau nawa muka ga shago ko gona sun bi mai su kabari da zarar an gama rabon gado?

Wahalar gidan a shimfiɗar ƙasa take. Gonakinsu suna kwarin Beka'a, a tudu mai tsayin kusan mita 1,000, masana'antar kuma tana ta wajen teku, duwatsun Labanon sun raba tsakani. Duk kaka sai an tsinki inabi da hannu, an loda a manyan motoci, an haura dutse da shi kafin rana ta dafa shi. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1975, wannan hanya ta cika da shingayen 'yan bindiga, kowanne da tasa tuta. Inabi kuwa ba gero ba ne da za a zuba a rumbu a jira ƙura ta lafa. In ya kwana biyu a bayan mota cikin zafi, sai ya soma tsami. A 1976 ba su samu yin komai ba. A 1984 motocin sun yi doguwar kewayawa, kayan suka iso sun fara tafasa da kansu, giyar shekarar ba ta shiga kasuwa a lokacinta ba. Sauran shekarun yaƙin, har zuwa 1990, an yi aiki.

Masu ba da labarin sun fi son jingina komai ga jarumtar Serge, babban ɗan Gaston, wanda ya yi karatun sana'ar a Bordeaux ya karɓi aikin a 1959. Ya cancanci yabo, amma a ganina sirrin yana ga yadda aka raba aiki ba a raba dukiya ba. Serge ya tsaya kan gona da ganguna, ƙanensa Ronald, wanda ya karanta shari'a, ya riƙe kuɗi da ciniki. Da kowa ya yanki rabonsa ya kama gabansa, da wani ya tashi da gona ba masana'anta, wani da masana'anta ba inabi. Ga kuma wata al'ada tasu: jar giyarsu ba ta fita kasuwa sai ta shekara bakwai a ajiye. Wane mai ba da bashi ne zai zuba ido jarinsa na barci shekara bakwai ana ruwan harsashi? Sai wanda yake lissafi da jikoki.

Wani zai ce sa'a ce kawai, domin a 1979, a wani bajekoli a Bristol ta Ingila, masanin giya Michael Broadbent ya ɗanɗana kayansu ya yaba, kasuwar Turai ta buɗe, har mujallar Decanter ta zaɓi Serge gwarzonta na shekara a 1984. Akwai sa'a a ciki, ba musu. Sai dai sa'ar ba ta same su a kan tabarma ba. Yaƙi ya kashe cinikin gida, suka ɗauki kaya suka fita neman masu saye, kuma abin da suka kai Bristol tsohuwar ajiya ce da ba su yi gaggawar sayarwa ba.

Serge ya rasu a ƙarshen Disamba 2014, yana iyo a teku a Acapulco ta Meziko. Masana'antar ba ta tsaya ba, domin 'ya'yansa Gaston da Marc, da Ralph ɗan Ronald, sun riga sun daɗe a cikin aikin. Har yau duk kaka motocin inabi na haura dutsen daga Beka'a zuwa Ghazir.