Bututun bawul ɗin shawa

Bawul ɗin shawa na'ura ce da ke haɗa ruwan zafi da na sanyi kafin su fito ta kan shawa. Galibi da tagulla ake ƙera shi, kuma bakunansa rabin inci ne. Da yake a cikin bango ake binne shi a rufe da tayil, idan mahaɗarsa da bututu ta fara yoyo ba a gyara ta sai an fasa bangon. Shi ya sa ake duba abubuwa uku kafin a zaɓi bututu: zafin da yake jurewa, ƙarfen da zai taɓa, da irin bakinsa.

Nau'o'in bututu

Jan ƙarfe yana jure zafi, kuma yana zama lafiya da tagulla. Ana haɗa shi da bawul ta hanyar narka dalma a mahaɗar. Kafin a sa wuta ana cire kayan cikin bawul ɗin, domin robobin da ke ciki suna ƙonewa. A shekarar 1986 Amurka ta haramta dalma mai gubar darma a bututun ruwan sha.

PVC roba ce mai araha, amma iyakar zafin da take ɗauka digiri 60 ne a ma'aunin Salshiyas, don haka ba a sa ta a layin ruwan zafi. CPVC ita ce 'yar'uwarta da aka yi domin ruwan zafi, tana aiki a digiri 82. Kowacce da irin gam ɗinta, gam ɗin PVC ba ya riƙe CPVC yadda ya kamata.

PEX roba ce mai lanƙwasuwa, ana matse ta a kan mahaɗa da zobe. Hasken rana yana lalata ta idan ta daɗe a fili.

PPR, wadda aka fi sani da launin kore, ta yaɗu a gine-ginen Najeriya. Ba a sa mata gam, ana narka bakinta da na'ura mai zafin digiri 260 a haɗe. Tana shiga bawul ne ta mahaɗa mai tagulla a ciki.

Haɗuwar ƙarafa biyu

Idan ƙarafa mabambanta suka taɓa juna cikin ruwa, wani ɗan lantarki yana gudana tsakaninsu, sai ɗaya ya riƙa cin ɗaya. Wannan yana faruwa idan aka haɗa jan ƙarfe kai tsaye da tsohon bututun baƙin ƙarfe mai rufin tutiya. Tutiyar ce ke fara tafiya, daga nan tsatsa ta cike bututun, ƙarfin ruwa ya ragu, a ƙarshe ya huje. Masu aikin famfo suna raba su da mahaɗa mai roba a tsakiya, ko da guntun tagulla, wanda ke rage saurin lalacewar.

Baki da faɗi

Bakunan da ake murzawa tsari biyu ne: NPT na Amurka da BSP na Birtaniya. A rabin inci dukkansu suna da zara 14 a kowane inci, don haka suna shiga juna kamar sun dace. Sai dai kusurwar zaren NPT digiri 60 ce, ta BSP kuwa 55, saboda haka mahaɗar takan yi yoyo ko an naɗa mata farin tef. Haka kuma idan aka murza bakin ƙarfe cikin mahaɗar roba da ƙarfi, robar tana tsagewa. An fi so robar ta shiga cikin ƙarfen.

Faɗin ciki ma yana da tasiri. Ramin PEX na rabin inci bai kai na jan ƙarfe ba. A bawul mai ba da ruwa ga bahon wanka da shawa, kamfanonin Moen da Delta sun hana sa PEX tsakanin bawul da famfon baho, domin ƙuncin ramin yana tura ruwa sama ya riƙa zuba ta kan shawa.

Gwaji

Bayan an gama haɗawa ana toshe mafitar ruwa, a sake ruwa da ƙarfinsa, a duba kowace mahaɗa. Sai an tabbatar babu ɗigo sannan a yi filasta a sa tayil.