Betoben: An Yaba Kiɗansa, An Hana Shi Mata

Ya Edita,

Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in ba 'yan'uwana manoma da 'yan tireda labarin Betoben, shahararren makaɗin Turai da aka haifa a 1770 a garin Bon na ƙasar Jamus, garin nan da gidan rediyon Muryar Jamus yake.

A 1792 ya koma Biyana, babban birnin Ostiriya, inda 'ya'yan sarauta suka riƙa gayyatarsa gidajensu yana kaɗa masu fiyano, yana koyar da 'ya'yansu. Wani basarake, Likinoski, har kuɗi ya yanka masa duk shekara tun daga 1800. To amma jama'a, ba da kuɗi daban, ba da 'ya daban.

Ya so wata ɗalibarsa Juliyeta, har ya sadaukar mata da kiɗansa da ake kira Hasken Wata. A 1803 ta auri mai sarauta. Wadda ta fi shiga ransa ita ce Josefin, da ya fara koyarwa a 1799. A shekarar nan aka ba wani basarake da ya girme ta ƙwarai. Mijin ya rasu a 1804, ya bar ta da 'ya'ya huɗu, Betoben ya dinga aika mata da wasiƙun ƙauna. Sai dai in ta auri talaka, za ta iya rasa riƙon 'ya'yanta, danginta kuma suka matsa mata, har ta daina ganinsa. Ni dai ban ga laifinta ba, wace uwa ce za ta zaɓi miji ta bar marayunta? Dangin nake tuhuma. Mu ma nan akwai masu yi wa makaɗi liƙi a wurin biki, amma ya turo neman aure, sai a soma tonon asali.

Ga kuma kurumta da ta kama shi tun bai cika shekara 30 ba. Ku duba, makaɗi babu kunne! Ya yi ta ɓoyewa, sai a 1801 ya rubuta wa abokinsa na ƙuruciya, likita Wegela, ya tona masa cikinsa. Gaskiya Betoben yana da zafin rai. A 1806 ya ɓata da Likinoski don ya ƙi kaɗa wa hafsoshin Faransa da suka baƙunce shi. Har Istifan Birunin, wanda suka tashi tare a Bon, sun yi cacar baki a 1804 suna zaune gida ɗaya, amma Betoben ya aika masa da ƙaramin zanen fuskarsa yana ba shi haƙuri, suka shirya.

Ya rasu ranar 26 ga Maris, 1827, bai taɓa aure ba. Cikin kayansa aka tarar da wasiƙar ƙauna mai shafi 10 da ya rubuta da fensir a watan Yuli na 1812, babu sunan matar a ciki. Masana na ta musu har yau, wasu na cewa Josefin ce. Lokacin jinyarsa ta ƙarshe, Istifan ne ke kula da lamuransa, ɗansa ƙarami kuma yana zuwa yana ɗebe masa kewa. Shi ma Istifan bai cika wata uku ba ya bi abokinsa.

Wassalam.

Naku,
Wani manomi mai 'yar tireda.