Baƙar Fata Ba Ta Ɓata Hoto: Yadda Ake Gyara Haske da Kayan Gida

Daga cikin maganganun da suka yaɗu tsakanin matasa tun da ɗaukar bidiyo da waya ya zama sana'a, kaɗan ne suka kai cutarwar zancen nan na cewa wai baƙar fata ba ta fitowa a kyamara, zancen da ake ji a bakin masu tallan kaya a TikTok, da masu neman shiga harkar fim, har ma da wasu masu ɗaukar hoton biki da ya kamata a ce sun fi kowa sani. A kan wannan shirme ne 'yan mata da samari suke zuba kuɗinsu a man bilicin, wanda da yawa daga cikinsa ke ɗauke da zaiba ko magungunan sitiroyid, alhali zaiba tana lalata ƙoda, sitiroyid kuma yana sa fata ta yi sirara har rauni ya ƙi warkewa da wuri. Lamarin ya kai ga hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa a Najeriya a shekarar 2023.

Hoto dai haske ne da ya bugi abu ya dawo cikin idon kyamara, saboda haka duk fuskar da ta samu isasshen haske daga inda ya dace za ta fito, ko wane irin launi gare ta. Matsalar tana faruwa ne domin kyamara tana auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya, sannan ta nemi tsaka-tsaki. Idan baƙin mutum ya sa farar shadda ya tsaya gaban farin bango, ko ya ba wa taga baya, kyamara za ta ga fari ya yi yawa ta rage hasken hoton duka, sai shaddar ta fito tas, fuskar kuma ta nutse. Mai hoton da bai san aikinsa ba sai ya ce wa amarya ita ce ta cika duhu, ya ɗora mata laifin da yake nasa.

Wannan ƙarya tana da tushe a tarihi. A shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton wata Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, kuma da fatarta ake daidaita launin injin wanki. Binciken Lorna Roth ta jami'ar Concordia a Kanada ya nuna cewa ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu mai launin ƙasa ba ta fitowa da kyau a talla, yana cikin abin da ya sa aka inganta fim ɗin, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Daga baya kamfanin da ke ƙera wayoyin Tecno ya daidaita kyamarorinsa da fatar 'yan Afirka, Google ma ya yi irin wannan gyara a wayar Pixel 6 a 2021. Masu ƙera na'urar da kansu sun amsa cewa aibin a na'urarsu yake, abin takaici kuma har yanzu a samu mai ƙona fatarsa domin ya faranta wa na'urar.

Maganin farko ba ya cin ko kwabo. Mai magana ya fuskanci taga ko ƙofar zaure, mai ɗauka ya ba wa hasken baya, sannan ya taɓa fuskar a kan allon waya domin kyamara ta auna haske daga nan. A waje kuwa, rana tsaka tana zuba inuwa a cikin idanu da ƙarƙashin hanci, don haka safiya da bayan la'asar sun fi, idan kuma dole ne a ɗauka da azahar, sai a shiga bakin rumfa a fuskanci sarari.

Na biyu shi ne allon mayar da haske. Ana samun kwalin da ya kai faɗin tiren abinci babba, a cukuikuye takardar alminiyam irin ta naɗe abinci, a sake warware ta, a manna a gefe guda, ɗaya gefen kuma a liƙa farar takarda. Cukuikuyewar tana hana hasken taruwa wuri ɗaya ya kashe ido. Yaro ya riƙe allon a ɓangaren fuskar da inuwa ta kwanta, yana karkata shi a hankali har sai an ga kunci ya buɗe, ɗigon haske ya bayyana a ƙwayar ido. Baƙar fata tana da sheƙi na halitta, kuma haske mai faɗi irin wannan shi ke fito da siffar goshi da kumatu.

Na uku, hasken ƙwan lantarki tsirara yana da kaifi, yana barin tabon ƙyalli a goshi. Yadi ɗaya na farin alawayyo da aka ɗaure a kan firam ɗin katako, aka tsayar tsakanin ƙwan da fuska, yana tausasa shi kamar yadda hazo ke tausasa rana. A yi amfani da ƙwan LED kawai, domin fitilar halojin da tsohon ƙwai mai zare suna zafin da zai iya kama ƙyalle da wuta, kuma a bar haɗa waya ga mai gyaran lantarki, kada a riƙa cusa tsirarar waya a soket. Idan aka ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke isa fuska yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka matso da ita ya fi sayen wata. Kada kuma a haɗa ƙwai mai ja-ja, wanda aka rubuta 2700K a kwalinsa, da fari mai 6500K a ɗaki ɗaya, domin rabin fuska zai yi launin ruwan lemo, rabi ya yi shuɗi-shuɗi. Layukan da ke yawo a bidiyo kuwa, lantarkin Najeriya da Nijar yana bugawa sau 50 a daƙiƙa, don haka saita kyamara a hoto 25 a daƙiƙa yana rage su. Wayar da ba ta da mazauni, a dasa ta a kan ƙaramin buhun shinkafa ko yashi, za ta zauna daram.



Wajibi ne masu ɗaukar hoto su ji tsoron Allah su daina gaya wa mutane cewa launinsu ne cikas, masu shirya fim su daina fifita wadda ta yi shafe-shafe wajen rabon aiki, iyaye kuma su sa ido a kan man da ke shiga ɗakin 'ya'yansu. Kwali da alawayyo da ƙwan LED duka ba su kai kuɗin wankin ƙoda na zama ɗaya ba, kuma mai hoton da ya kasa fito da fuskar baƙin mutum, ya kamata ya koma ya koyi sana'arsa kafin ya karɓi kuɗin kowa.