Dorset: Gaɓar Tekun da Zaizaya Ta Yi wa Suna

Duk inda aka ambaci zaizayar ƙasa, asara ake tunawa. A gundumar Dorset da ke kudancin Ingila kuwa, ita ce ke kawo baƙi. Teku ya daɗe yana cin gaɓar yankin, kuma duk sanda wani ɓangaren dutse ya rufto, sai ya tona abin da ƙasa ta binne tun zamanin da. Masana sun ce duwatsun wannan gaɓa, mai tsawon kusan kilomita 154 daga Exmouth a gundumar Devon zuwa Studland, suna ɗauke da tarihin shekara miliyan 185. A 2001 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya.

Wurin da aka fi ɗauka a hoto shi ne Durdle Door, wani ƙaton dutse da ruwa ya huda har ya zama kamar ƙofar gari tsaye cikin teku. Daga yamma akwai Chesil, tudun tsakuwa mai tsawon kilomita 29.

Amma labarin da ya fi daɗin ji yana garin Lyme Regis. A can aka haifi Mary Anning a 1799, 'yar wani kafinta talaka wanda ya rasu tana da shekara 11. Ita da wanta Joseph sukan bi gindin duwatsu bayan ruwan sama, suna tsintar ƙasusuwan halittun da suka zama dutse, su sayar a samu na abinci. Tsakanin 1811 da 1812 suka haƙo ƙwarangwal ɗin wata dabbar ruwa da ta ƙare a duniya, a 1823 kuma Mary ta gano wata mai dogon wuya. Manyan masana suka yi ta sayen kayanta suna rubuce-rubuce, sau da yawa ba su ko ambaci sunanta ba. Ƙungiyar masana duwatsu ta Landan ba ta fara karɓar mata a matsayin mambobi ba sai 1919, bayan rasuwarta da shekara 72. Wannan rashin adalci ne ƙarara, kuma sai a 2022 aka kafa mutum-mutuminta a garinsu.

Kangon fadar ƙauyen Corfe, shi ma a Dorset, kuwa ba aikin zaizaya ba ne, aikin ɗan Adam ne. A lokacin yaƙin basasar Ingila, Mary Bankes ta tsare fadar a madadin sarki, har sai da aka ci amanarta daga ciki. A 1646 majalisar dokoki ta sa aka tarwatsa ginin da albarushi, mutanen ƙauyen suka kwashi duwatsun suka gina gidaje.

Har gobe gaɓar tana ruftawa, kuma ta taɓa cin rai. Wanda Allah ya nufa da zuwa, ya tsinci abin da ya faɗo a bakin ruwa, kada ya haƙi dutse, kada kuma ya zauna a gindinsa.