Jakar Goyo: Ƙarama Ko Mai Ɗamarar Ƙugu?

Matasanmu mazauna Fatakwal, Onitsha da Enugu sun fara sabawa da fita shan iska a ƙarshen mako, wasu zuwa dajin Ngwo da gangaren ruwan Awhum a jihar Enugu, wasu zuwa kogon Ogbunike da ke kusa da Onitsha. Kafin a kama hanya sai an yanke shawara kan jaka: ƙarama mai cin lita 20, ko babba mai cin lita 35 zuwa 40 wadda ake ɗaurewa a ƙugu?

Ƙaramar tana da sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka. Za ta ɗauki gorar ruwa, ɗan guzuri, darduma mai naɗewa da tocila. A Ogbunike, inda ake sauka matakala sama da 300, a cire takalmi, sannan a riƙa duƙawa a cikin ramuka, ita ce ba za ta maƙale wa mutum ba. A bas ma a cinya ake ɗora ta. Aibinta shi ne duk nauyin a kafaɗa yake sauka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka da an zuba gora uku da abinci, wuya zai fara ƙorafi tun kafin azahar.

Babbar kuwa tana da ɗamara mai kauri da ke mayar da mafi yawan nauyi kan ƙugu, ga sanda ko faranti a cikin bayanta da ke hana ta lanƙwashewa. Idan kwana ya kama, tana da wurin gidan sauro, mayafi da kayan sauyawa. Sai dai ta fi tsada, ta fi sa gumi, kuma babban ciki kan ja mutum ya cusa abin da ba ya bukata.

Abin da ya kamata ya raba gardamar shi ne ruwan sama. Wanda ya taso a Kano ya saba da damina ta 'yan watanni, amma ruwan Fatakwal ya ninka na Kano fiye da sau biyu, kuma yakan kai har Oktoba ana tafkawa. A nan ko fitar yini ɗaya ce sai da rigar ruwa, busassun kaya a cikin leda da takalmin shiga rafi, kuma waɗannan kaɗai sun kusa cika ƙaramar jaka.

Saboda haka mai kuɗin jaka ɗaya gara ya sayi mai ɗamarar, ya zaɓi ta lita 35, ya tsuke igiyoyinta ranar da kayan ba su da yawa. Ko sabuwa ce a Babbar Kasuwar Onitsha ko ta gwanjo a kasuwar Mile One ta Fatakwal, a ja zif, a duba ɗinkin hannuwa, a zuba mata kaya a goya. In ɗamarar ba ta zauna daram a kan ƙashin ƙugu ba, a nemi wata.